CIMAKA MARAR GUBA: YADDA ZA KA SAYE TA DA ARAHA

Darasi domin masu garka, da makiyaya, da ma'aikata, da matan gida na ƙasar Cirozerin

Ga takardarka ta sake zuwa. Ka karanta ta a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Ke ma uwargida, darasin nan naki ne, don ke ce mai riƙe da kuɗin cefane, ke kika san abin da yake shiga tukunya.

Yau maganarmu a kan cimakar da aka noma ba da guba ba. Mutane da yawa suna cewa irin wannan cimaka ta masu hali ce, sai babban ma'aikaci. A Turai gaskiya ne, tana da tsada. A nan Abzin kuwa, a bakin garka kayan nan ba su da tsada. A hanya tsadar take hawa kansu, tsakanin garka da tukunya. Wanda ya gajarta hanyar nan zai ci mai kyau, kuma kuɗinsa su yi saura. Abin da za mu koya ke nan.

1. MENE NE "BIYO"?

Wataƙila ka ji kalmar nan a rediyo, ko ka gan ta a jikin kwalin da ya fito daga Faransa. Biyo shi ne abin da aka noma da takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye. Ba a zuba masa takin zamani ba, ba a fesa masa maganin ƙwari na kwalba ba, ba a kuma sa masa maganin ajiya ba.

A Faransa, tun shekarar 1985 akwai tambari mai haruffa biyu, AB, da ake bugawa a kan irin wannan kaya. Manomi ba ya samun tambarin sai gonarsa ta yi shekara 2 ko 3 ba guba. Kowace shekara mai bincike yana zuwa ya duba gonar, kuma manomi ne yake biyan kuɗin binciken. Aikin hannu ya fi yawa, amfanin gona kuma yakan ragu. Shi ya sa a can kayan biyo suka fi sauran tsada.

To, ka tuna da garkar kakanka. Raƙumi ko sa yana jan guga daga rijiya, abin nan da Abzinawa suke kira tekarkart. Ruwa ya bi magudana ya shiga fangali. Taki kuwa na awaki ne da na raƙuma. Da haka aka noma alkama, da masara, da tumatir, da albasa a bakin ƙoramun Abzin shekaru aru-aru. Wannan shi ne biyo, sai dai babu tambari.

Amma kada mu ruɗi kanmu, zamani ya sake. Injin ban ruwa ya karɓi aikin raƙumi a garake da yawa. Albasa ta zama kayan kuɗi, sai takin zamani da maganin ƙwari suka biyo ta. Wasu magungunan da ake kasawa a kasuwa ba su da iznin kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wanda yake ƙarƙashin ƙungiyar CILSS. Wasu kuma don auduga aka yi su, ba don kayan miya ba. Saboda haka yau a tebur ɗaya za ka tarar da mai guba da marar guba, kuma ido ba ya raba su.

Ka riƙe gaskiya ɗaya. Takin zamani, in an sa shi daidai gwargwado, ba ya cutar da mai ci. Babban haɗari yana wuri biyu: maganin ƙwarin da aka fesa dab da ɗiba, da maganin da aka zuba cikin buhu don ajiya. Waɗannan biyun za ka fi sa wa ido.

2. INA KUƊINKA SUKE TAFIYA?

Ƙasarmu ƙasar ma'adinai ce. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. A nan kusa da mu, a Anu Araren, an kafa SONICHAR a 1975, kuma daga 1981 ya fara ba da wutar lantarki da kwal ɗin da ake haƙowa. Dubban mutane suka taru a wurin da ruwan sama bai cika kai milimita 200 a shekara ba. Dole cimakarsu ta zo a mota: shinkafa daga kudu, taliya da madarar gari daga Aljeriya. Jama'a suka saba da abin kwali da na gwangwani.

Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ɗaruruwan magidanta suka rasa albashi. A 2023 aka rufe iyakokin kudu, farashin kayan waje ya tashi. Kowane gida ya ji a jikinsa. Wanda cimakarsa duka daga nesa take zuwa, duk abin da ya taɓa hanya ya taɓa tukunyarsa.

Bari mu bi kwandon tumatir ɗaya daga Dabaga zuwa Arlit. Mai garka ya sayar wa ɗan kasuwa. Ɗan kasuwa ya biya mota zuwa Agadas. Ɗan dako ya sauke, dillali ya karɓi la'adarsa. Wata mota ta ɗauka zuwa Arlit, kimanin kilomita 240, ga zafi, ga ramuka. Tumatir na ƙasan kwando ya farfashe. Mai tebur ta saya, ta zubar da ruɓaɓɓen, ta kasa sauran kashi-kashi. Kowa a cikinsu ya yi wahala, kowa ya ci halalinsa. Amma wa ya biya su duka? Kai ne. Har wanda aka zubar, kai ka biya.

Ke nan aljihunka yana yoyo ta kafa huɗu:
- nisan hanya;
- yawan hannuwa;
- saye ba a kan lokaci ba;
- ruɓewa.

Yanzu sai mu toshe su ɗaya bayan ɗaya.

3. KA SAN MAI GARKARKA

Kai mutumin Cirozerin, kana da abin da mutumin Yamai ba shi da shi. Garake suna bakin ƙoramarka. Dabaga da Tabelot da Bagzam suna cikin yankinka. Tun da babu tambari a kasuwarmu, tambarinka shi ne sanin mutum.

Ka zaɓi mai garka ɗaya ko biyu. Ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Ku gaisa, ku sha shayi, sa'an nan ka zaga. Ka duba ko akwai tarin taki ko ramin takin gargajiya. Ka duba ko kwalaben magani suna warwatse a bakin rijiya. Bayan haka ka yi masa tambayoyi huɗu cikin ladabi:

1. Malam, wane taki kake sawa?
2. Yaushe ka yi feshi na ƙarshe?
3. Da wane magani? Ko zan ga kwalbar?
4. Daga ina ruwan ban ruwanka yake fitowa?

Tambaya ta biyu ta fi kowace nauyi. A jikin kwalbar maganin kirki an rubuta kwana nawa za a jira tsakanin feshi da ɗiba. Kai da ka iya karatu, ka karanta lambar, ko ka kai wa malamin gona ya fassara maka. Tambaya ta huɗu kuma don garaken bakin manyan garuruwa ce, inda wasu suke ban ruwa da ruwan da gari ya riga ya yi amfani da shi.

A kasuwa, in ka ga farin gari-gari ya bushe a jikin tumatir ko ganye, ko ka ji warin magani, ka wuce. In ka ga ƴan huji kaɗan a ganyen kabeji, kada ka raina shi. Sau da yawa an fi sayar da shi da araha, kuma cire ganye biyu na waje ya isa. Kayan da suka fi sheƙi ba lalle su ne suka fi tsabta ba.

Wannan dabara ta sanin juna ba ƙarama ba ce. A Burkina Faso an mai da ita tsari. Manoma da masu saye da malaman gona suna zagaya gonakin juna, su shaida, sa'an nan a ba manomi alamar da ake kira BioSPG. Ba sai an ɗauko mai bincike daga Turai ba, don haka kuɗin shaidar kaɗan ne. Ƙungiyarku ma tana iya fara irin wannan zagaye a tsakaninta.

4. KOWANE ABU DA LOKACINSA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kaya sun fi araha ranar da suka cika kasuwa. Kuma shukar da ta zo a kan lokacinta ta fi ƙarfin jiki, ba ta cika neman feshi kamar wadda aka tilasta cikin zafi ba. Ka kwafe wannan jeri a littafinka:

Oktoba zuwa Disamba: hatsi da dawa da wake na kaka suna haurowa daga Damargu, da Damagaram, da Maraɗi. Lokacin sayen na ajiya ke nan.

Oktoba zuwa Disamba kuma: albasar damina ta Abzin tana fitowa. A lokacin ta Galmi ta yi ƙaranci, manyan motoci suna kwasar tamu zuwa Gana da Kodebuwa, don haka tana da daraja. Kada ka yi gasa da masu motoci. Su manya suke so, masu kai ɗaya. Kai ka nemi ƙanana da waɗanda aka ware wajen zaɓe. A miya ɗanɗanonsu ɗaya. Amma ka sayi ta ci kawai, don albasar damina ba ta jimre ajiya.

Disamba zuwa Fabrairu: tumatir, da kabeji, da karas, da salati, da lemun Timiya. Lokacin shanya tumatir ke nan. Dabinon Kawar da gishirin Bilma ma a lokacin sanyi ayari yake kawo su.

Maris da Afrilu: alkama, da tafarnuwa, da albasar rani, ta nan ko ta Galmi. Ita ce albasar ajiya.

Damina da bayanta: dabbobi sun ƙoshi, nono ya yawaita. Ka sayi cuku da man shanu wajen makiyaya. Dabbar da ta yi kiwo a daji, nononta biyo ne tun asali. Busasshen cuku yana daɗewa.

Kada ka manta da abin da Allah ya ba mu kyauta: goruba, da magarya, da aduwa, da ganyayen daji na damina. Ba wanda ya fesa musu kome.

Ga lissafi. Kuɗin nan na misali ne, kai sai ka sa farashin kasuwarku. A ce tiyar hatsi tana sefa 600 a watan Nuwamba, wato dala 120. A watan Yuli ta kai sefa 900. Bambanci sefa 300 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. Sai mu ce 300 sau 40, ya ba da 12,000. Wanda ya sayi buhu ɗaya da kaka ya tsirar da jikka 12. Wanda ya sayi buhu 3 ya tsirar da jikka 36.

Ka riƙa sauraron farashi a rediyo. Ma'aikatar SIMA tana tattara farashin hatsi na kasuwannin ƙasa. In ka ji OPVN ta buɗe sayar da hatsi da rangwame, ka je da wuri. Kayan azumi kuwa, ka saye su tun watan bai kama ba.

5. HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Za ka ce: malam, ina na ga kuɗin buhu a lokaci ɗaya? Gaskiyarka. Talaka yana saye kaɗan-kaɗan, shi ya sa yake biya fiye da mai kuɗi. Maganin wannan haɗa kai ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In salla ta zo mukan yi watanda, mu sayi sa ɗaya, mu raba naman kashi-kashi. To, a yi watandar albasa, da ta dankalin turawa, da ta hatsi.

Ga misali. A ce zuwa garka da dawowa da kaya yana cin sefa 5,000. In kai kaɗai ne, jikka 5 ta hau kan kayanka. In gida 10 ne suka aiki mutum ɗaya, kowane gida sefa 500 zai biya. Ga shi kuma farashin buhu kuka saya, ba na kashi ba. Mutanen Arlit da Akokan, ku kuka fi kowa bukatar wannan, don hanyarku ta fi nisa.

Mata sun riga maza a wannan fage. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna zuba kuɗi kaɗan kowane mako cikin akwati, suna ranta wa junansu, ƙarshen shekara su raba. Tsarin ya bazu a Nijar, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Ke uwargida, in kina cikin asusu ko adashi, ki nemi a daidaita ranar rabo ko ranar kwasarki da lokacin kaka. Kuɗin da suka zo a Nuwamba sun fi waɗanda suka zo a Yuli auki.

Don kada zumunci ya ɓaci, ku kiyaye ƙa'idodin nan:
- mai ajiyar kuɗi daban, mai rubutu daban;
- a rubuta sunan kowa da abin da ya zuba;
- a auna kaya a gaban kowa, da tiya ɗaya ko sikeli ɗaya;
- a fitar da kuɗin mota kafin a raba.

A nan karatunka zai yi maka rana.

Kuna iya kuma shiryawa da mai garka tun kafin shuka. Ku ba shi wani abu ya sayi iri, shi kuma ya yi alkawarin ba zai fesa maganin kwalba a fangalinku ba. A rubuta adadin kaya, da farashi, da ranar bayarwa, a gaban shaidu. Kada ku matse shi don yana cikin bukata. In ya faɗi bana, baɗi ba ku da mai garka.

Ba kullum sai da kuɗi ba. Ayarin Abzin ya daɗe yana kai gishiri da dabino kudu, ya komo da hatsi. Kai ma in kana da awaki a gida, kada ka share takinsu ka zubar. Ka tara a buhu, ka kai wa mai garka, ya ba ka kayan miya.

6. AJIYA: KADA RIBARKA TA RUƁE

Saye da yawa ba shi da amfani in rabi zai lalace. Duba wannan misali. Malam na farko ya sayi albasa kilo 100 a kan sefa 15,000. An cika mata takin zamani da ruwa, ta yi manyan kai. Bayan ƴan watanni kilo 40 suka ruɓe, saura 60. Raba 15,000 gida 60: kowane kilo ya tsaya masa sefa 250. Malam na biyu ya sayi wadda aka noma da takin dabbobi, ta bushe sosai, a kan sefa 18,000. Kilo 10 suka lalace, saura 90. Raba 18,000 gida 90: kilo ya tsaya masa sefa 200. Wa ya sayi mai araha? Malaman gona sun tabbatar albasar da aka cika wa takin yuriya ba ta daɗewa a ajiya. Araha ba ta ado.

Albasa da tafarnuwa. Ka zaɓi mai busasshen wuya, mai tauri, marar rauni. Ka baza ta a inuwa, a kan gadon kara, inda iska take shiga ta ƙasa da ta sama. Mutanen Tawa suna yi mata rumbun kara da ake kira rudu. Kada ka bar ta a ɗaure cikin buhun leda. Kowane mako ka duba, ka cire wadda ta fara laushi. Ganyenta ma ba abin zubarwa ba ne, da shi ake yin gabu.

Dankalin turawa. Wuri mai duhu da sanyi yake so. In rana ta taɓa shi yakan yi kore. Ka yanke koren da tsiron ka zubar, don suna da ɗaci mai cutarwa.

Tumatir. Kusan kashi 94 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Kimanin kilo 15 na ɗanye ne yake ba da kilo 1 na kauɗa. Rana da busasshiyar iska kuwa, a Abzin kyauta ne. Ki wanke shi, ki tsaga biyu ko huɗu, ki shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, ba a ƙasa ba. Ki rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. In ya bushe ƙayau, ki zuba a tulu ko kwano mai murfi. Kin huta da sayen na gwangwani cikin bazara. Ganye kamar zogale da rama kuwa, a inuwa ake shanya su don kada amfaninsu ya ƙone.

Wake. Nan ne maganar guba ta fi zafi. Don tsoron ƙwaro, wasu ƴan kasuwa suna zuba magani cikin buhu, har da wanda ake kira fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a cikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, don me za ka ba ƴaƴanka? Ka sayi wakenka da kaka, sabo, kafin ya shiga sito. Ka shanya shi sosai. Ka zuba a buhun PICS, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, kuma daga 2007 aka yaɗa shi a Nijar tare da masu bincike na INRAN. Ka matse iska, ka ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaro ya rasa iska, ya mutu, ba magani ko ɗigo. In babu buhun, jarkar man girki da aka wanke ta bushe tana yin aikin, muddin an cika ta fal an toshe bakin. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, kada ta kusanci cimaka har abada.

Kayan ɗanye na yau da gobe. Wani malamin makaranta na jihar Jigawa a Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ki sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da rairayi, ki jiƙa shi. Ki zuba tumatir ko karas ko tattasai a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Ki ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da yake tashi shi yake sanyaya cikin, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Inda iska ta fi bushewa nan ta fi aiki, ke nan ƙasarmu ta dace da ita. Tumatir da yake lalacewa cikin kwana 3 yana iya wuce mako 2. Albasa da tafarnuwa ba sa shiga ciki, su bushewa suke so.

7. IN KUƊI BA SU ISA BA, ME ZA KA FARA?

Ba kowane kaya ne yake bukatar dogon bincike ba. Hatsi da dawa na gonakinmu, yawanci ba a fesa musu kome a gona. Ka sansana buhun kawai, ka tabbata babu warin maganin ajiya. Albasa da lemu ana ɓare bayansu kafin a ci. In wani ya ƙara musu kuɗi mai yawa don ya kira su biyo, kada ka yi saurin biya.

Inda za ka sa ido, ko da za ka ƙara ƴan dala, shi ne abin da aka fi fesawa ko ake ci ɗanye: salati, da kabeji, da tumatir, da tattasai, sai kuma waken da ya daɗe a sito. Yara ƙanana da mata masu ciki su ne guba ta fi yi wa illa. Dala goman da ka ƙara a garka ta fi jikkar da za ka kai asibiti sauƙi.

Kuma kada tsoro ya sa ka daina cin kayan garka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kowace rana. Rashin cinsu ma cuta ne.

Gargaɗi: biyo ba ya nufin a ci ba wanki. Ɗanyen taki yana ɗauke da ƙwayoyin zawo da ƙwan tsutsar ciki. Duk abin da za a ci ɗanye, a wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku. Ma'aikacin lafiya zai nuna muku ɗigon jabel nawa ake sawa a ruwan wankin salati. Wanki yana rage maganin da yake bayan ganye, amma ba ya cire wanda ya riga ya shiga ciki. Don haka sanin mai garka yana gaba da wanki.

8. KALMA GA MAI GARKA

Ɗan'uwa mai garka, kai ma mai saye ne, kuma iyalinka daga fangalin nan suke ci. Kowane buhun takin zamani da kowace kwalbar magani kuɗi ne da suka fita daga hannunka. Ka haƙa rami, ka jera taki da busasshiyar ciyawa da toka, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi. Don ƙwari, ka gwada ƴaƴan dogon yaro: ka daka rabin kilo na busassun ƴaƴa, ka jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, ka tace da tsumma, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma. Ka maimaita kowane mako. In dole ta sa ka fesa na kwalba, ka sayi mai izni, ka cika kwanakin jira, kuma ka faɗa wa mai saye gaskiya. Mai sayen da ya yarda da kai zai dawo kowace shekara, ya kawo maka wasu.

9. TAMBAYOYI DON ZAMAN ƘUNGIYA

Ku zauna bayan kun saurari shirin, ku tattauna, magatakarda ya rubuta amsoshinku.

1. Waɗanne kafofi huɗu ne kuɗin cefane suke zurarewa ta cikinsu? Wace ce ta fi damun garinku?
2. Waɗanne tambayoyi za ka yi wa mai garka?
3. A wane wata hatsi ya fi araha a kasuwarku bara? A wane wata ya fi tsada?
4. Lissafi: gida 8 sun sayi buhun dankalin turawa 2, kowane buhu sefa 14,000. Kuɗin mota sefa 4,000. Nawa kowane gida zai biya? Ku faɗi amsar da sefa, ku kuma faɗe ta da dala.
5. Lissafi: uwargida tana son kilo 2 na kauɗa. Kilo nawa na ɗanyen tumatir za ta shanya?
6. Gida nawa ne a unguwarku za su yarda su fara watandar hatsi da kakar bana? Ku rubuta sunayensu yau.

Ku ba malamin gona ko malamin yaƙi da jahilci amsoshinku ya aiko mana. Za mu karanta su a shiri na gaba, tare da amsar lissafin. A darasi mai zuwa za mu yi bayanin ramin takin gargajiya daki-daki.

Allah ya ƙara ruwa a rijiyoyinmu, ya sa albarka a garakenmu da dabbobinmu, ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Amin. Mu kwana nan.